Tarihin Dokta Surajo Fagada da Tantanin da Ke Tuna Haske

Haihuwa da Asali

An haifi Dokta Surajo Mas'ud Fagada a shekarar 1963 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1383 Hijiriyya, a ƙauyen Fagada da ke ƙasar Jega, a lokacin da aka gama dashen albasa ana jiran ta kama ƙasa. Sunan mahaifinsa Malam Mas'ud, manomin gero da albasa ne wanda kakanninsa suka daɗe a wannan ƙasa, mahaifiyarsa kuwa Azumi, 'yar makiyaya ce da suka zauna a gefen gari, tana jin Hausa tana jin Fillanci. Shi ne auta a ɗakinta. Allah ya yi mata rasuwa tun yana ɗan shekara huɗu, saboda haka rainonsa ya koma hannun yayarsa Gudiya, wadda ta goya shi, ta yi masa wanka, ta tsaya masa a matsayin uwa har ƙarshen rayuwarsa.

Tsofaffin Fagada da suka san shi a ƙuruciya sun haɗu a kan cewa yaro ne mai yawan shiru da kallon abin da ba kowa ke kallo ba. Idan an kai shi fadama tsaron albasa, sai a same shi kwance rigingine a bakin kwami, wato fangalin shuka, ya ɓare albasa, ya zare siririn tantanin nan da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, ya shimfiɗa shi a kan idonsa yana kallon sama ta cikinsa, hawaye na zuba saboda yaji, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, idan ya kalli rana ya rufe ido, ranar ba ta tafiya nan take. Takan zauna cikin duhun idonsa, ta yi kore, ta koma ja, sannan ta riƙa dusashewa a hankali kamar garwashin da aka bari a murhu.

An ruwaito cewa wata rana ya tambayi yayarsa ya ce, “Yaya, in na ruhe ido, ina rana taka zamnawa?” Gudiya ta amsa masa da cewa, “Cikin kanka mana, wurin da hankali ya kamata shi zamna. Tashi ka kori awakin ga, sun cinye mamu iri.” Awakin dai ya kore su, amma tambayar ba ta bar shi ba.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo a Fagada a hannun limamin gari, sannan a shekarar 1970 aka kai shi Jega, unguwar Jega Firchin, gidan kawunsa, domin ya shiga makarantar firamare. Malamansa sun shaide shi da hazaƙa a lissafi da kuma rashin natsuwa a sauran darussa, domin sau da yawa akan kira sunansa a aji a tarar hankalinsa yana kan hasken da ya ɓullo ta hudar kwano ya sauka a bango. A sakandare, wadda ya shiga a 1977, ya shahara da tara matattun rediyoyi yana farke cikinsu, da kuma zama gaban tafasa da yamma yana kallon yadda ganyenta ke haɗe baki idan rana ta yi sanyi. Yakan ce tsiron da ba shi da ido ya san tafiyar rana, to lalle gani ba a ido kaɗai yake ba.

A shekarar 1982 ya samu shiga jami'a a Sakkwato, inda ya karanci ilimin fizik, wato ilimin da ke binciken haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa, ya kammala a 1986 da sakamako mai kyau. Mahaifinsa bai ga wannan rana ba, domin ya riga mu gidan gaskiya a daminar da ta gabata.

Aiki da Aure

Bayan hidimar ƙasa, an tura shi koyarwa a wata makarantar sakandare a Maiyama a shekarar 1987. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, domin a garin Gudiya take aure, kuma daga ɗakinta ake kai masa tuwo, ita ce kuma ta nema masa aure. A shekarar 1990 aka ɗaura masa aure da Iklima, 'yar wani mai sayar da yadi a kasuwar Jega, mace mai haƙuri da barkwanci, wadda ta taɓa cewa ta auri mutum biyu ne, ɗaya yana zaune a tabarma, ɗaya yana yawo a sama, kuma na tabarmar kaɗai ke cin abinci. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar, ta farkonsu ita ce Mardiyya, wadda aka haifa a 1992, kuma ita ce ta gado shi a son farke rediyo.

Ya shafe shekaru ashirin da ɗoriya yana koyarwa a Maiyama da kewaye, yana ƙaro karatu a tsakani, har ya gina gidansa a Jega Firchin. A shekarar 2008 ya koma koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Aliero, yana kwana Jega yana wuni Aliero, kullum yana ratsa gonakin albasa da rudunan da ake adana ta.

Tafiya Ƙasar Waje

A shekarar 2010, yana da shekara arba'in da bakwai, ya tafi ƙasar Maleshiya neman digirin dokta, kuma a can ne ya haɗu da abin da ya cinye sauran rayuwarsa. Abin kuwa wasu siraran wayoyi ne da masana ke kira wayoyin nano, waɗanda idan aka tsaga gashin kan mutum gida dubu, to kashi ɗaya shi ne kaurin ɗayansu. Ba a ƙera su da guduma, ba a jan su da inji. Shuka su ake yi. Akan ɗauki leda mai kyau, a shafa mata irin sinadarin tutiya, a tsoma ta cikin kwalba mai ruwan magani, a bar ta cikin ɗumi, sai wayoyin su tsiro a kanta tsaye, miliyoyi a fili kamar na farce. Dokta Surajo yakan ce ranar da ya fara ganinsu a madubin ƙara girma ya ɗauka gonar gero yake kallo daga saman bishiya, kuma aikin gaba ɗaya bai bambanta da yayyafa irin albasa ba, sai dai wannan gonar ana iya naɗe ta a sa aljihu.

Waɗannan wayoyi suna da wata ɗabi'a mai ban al'ajabi: a cikin duhu ba sa barin lantarki ya wuce sai kaɗan, amma da haske ya taɓa su sai su buɗe masa hanya. Wannan shi ne ganinsu. Sai dai Dokta ba gani kaɗai yake nema ba. Ya karanta cewa a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai mahaɗai tsakanin jijiya da jijiya, kuma duk mahaɗar da saƙo ya yawaita bi ta cikinta sai ta ƙara buɗewa, wadda aka daina bi kuwa sai ta riƙa toshewa, kamar burtalin shanun dangin mahaifiyarsa, wanda yawan bi ke faɗaɗa shi, rashin bi ya sa ciyawa ta rufe shi. Da haka mutum ke koyo, da haka yake mantuwa. Burinsa shi ne ya shuka tantani mai lanƙwasuwa kamar na albasa, wanda zai ga haske ya kuma riƙe shi a wuri ɗaya: idan an haska shi sau ɗaya ya manta da wuri, idan an maimaita ya daɗe yana tunawa, sannan ya saki a hankali, kamar ranar nan da ke zama cikin idon yaro a fadamar Fagada. Yana fatan wata rana, ko bayan ransa, a shimfiɗa irin wannan tantani a cikin idon wanda ya rasa gani.

Dawowa Gida da Samuwar Tantani

Ya dawo gida a shekarar 2014 da digirinsa, da kuma wani ƙunshi na ledoji 'yan ƙanana da aka riga aka zana musu layukan zinariya, gida-gida, domin lantarki ya samu hanyar shiga da fita. Irin waɗannan ledoji ba a samunsu a nan, kuma su ne dukan gonar da yake da ita. Ya keɓe wani ɗaki a bayan gidansa, ya jera kwalabe da tukunyar ɗumama ruwa da mita mai allura. A cikin wannan shekara ce kuma likitoci suka tabbatar masa da cewa yana da hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani daga gefe zuwa tsakiya, suka ce magani zai jinkirta shi amma ba zai tsayar da shi ba. Daga ranar aikin ya zama tsere tsakaninsa da duhu, yana son ya ga tantanin da idonsa kafin idon ya tafi.

Shekara biyu yana shuka yana girbe abin da bai gamsar da shi ba. Wasu tantanan suna gani amma da an ɗauke haske sun manta, kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Wasu kuma idan sun gani ba sa saki, su kwana su wuni allura na tsaye wuri ɗaya. Sai a daminar 2016 ya ciro wani guda daga kwalba, tsawonsa bai wuce yatsa ba, ya haɗa shi da mita, ya haska masa fitila. Allura ta ɗaga ta sauka. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai ta riƙa ɗagawa fiye da da, kuma da ya kashe fitilar ba ta faɗi ba, ta tsaya tana rawa, sannan ta riƙa komawa a hankali. Ya lanƙwasa ledar a kan yatsansa ya sake gwadawa, ba abin da ya canza. Iklima kaɗai ya kira ta gani, ita kuma ta ce ita dai allura ta gani tana lilo, amma tunda ya yi dariya ta yarda abu ne babba.

Shi kansa bai san abin da ya bambanta wannan shuka da sauran ba. Da yake ɗakin yana yoyo a wannan damina, sai ya naɗe tantanin cikin farar takarda ya riƙa yawo da shi a aljihun gaba na rigarsa, kafin ranar da ya sa zai nuna wa abokan aikinsa. Da safe yakan zauna a tsakar gida ya ciro shi, ya kara shi a idonsa ya fuskanci gabas, leɓɓansa na motsi yana lissafi.

Ɓatan Tantani

A cikin waɗannan kwanaki Gudiya ta zo daga Maiyama duba shi, domin ta ji labarin ciwon idon. Ta zauna tana lura da ƙanenta: ga abu naɗe a farar takarda, ga shi ana kara shi a idon da ke ciwo, ga fuskantar gabas, ga motsin baki. Da safen ranar da za ta koma, ya rataye rigarsa ya shiga wanka, sai ta sa hannu a aljihun ta buɗe takardar, ta ga zane gida-gida da ruwan zinariya, sak hatimin da malamai ke rubutawa. Nan take ta yanke wa kanta hukunci cewa wani babban malami ne ya ba shi maganin ido, kuma kunyar boko ce ta hana shi kai wa baduku a yi masa sutura, shi ya sa yake yawo da shi tsirara a aljihu, inda gumi da ruwan sama za su lalata shi. Ba ta ga dacewar ta yi masa maganar ba, domin ba a tona wa babban mutum irin wannan asiri, ko da kai ka goya shi. Ta ƙulle abin a bakin zanenta ta hau mota.

Shi kuwa ya sa rigarsa ya tafi Aliero, ya tara abokan aikinsa, ya jona mita, ya yi musu bayani mai tsawo, sannan ya sa hannu a aljihu bai tarar da komai ba. Ya tabbata a ransa cewa a hanya ya faɗi, lokacin da ya sauka a kasuwar albasa ya ciro hankici. An ga Dokta Surajo a wannan mako yana durƙushe a kasuwar Aliero, yana tona tarin ɓawon albasa da hannunsa, kowane ɓawo yana ƙyalli kamar abin da yake nema, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba rana ta cikinsu, masu ɗaukar buhu suna kewaye shi suna yi masa sannu.

A Maiyama, Gudiya ta kai abin wurin wani baduku mai suna Waliyyu. Ya gwada ninke shi kamar yadda ake ninke laya, abin ya ƙi kwanciya, sai ya ce wannan ba na wuya ba ne, na damtse ne. Ya shimfiɗa shi cikin auduga, ya toshe bakin da kakin zuma, ya ɗinke shi cikin jar fata, ya zama kambu. Labari ya iso wa Gudiya cewa na'urar Dokta ta ɓace, ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya, domin a saninta na'ura abu ne mai ƙarfe da ƙara kamar injin ban ruwa, har tana mamakin ɓarawon da ya iya ɗaukarta. Da kambun ya kammala ta kawo shi Jega da kanta, ta kira shi ɗaki, ta naɗe masa hannun riga ta ɗaura masa a damtsen hagu, ta ce, “Kak ka cire, ko wurin wanka ka aje shi kusa.” Dokta bai yi imani da kambu ba, kuma ya ɗauka wani malaminta ne ya rubuta mata; amma bai taɓa mayar da hannun Gudiya baya ba, kuma a al'ada ba a tambayar abin da ke cikin kambu, ba a kuma buɗe shi. Ya ce, “Na gode, Yaya.” Ita ta tafi tana ganin ya gane ta rufa masa asiri, shi ya zauna yana ganin ya faranta mata rai.

Shekarun Nema

Daga 2016 zuwa 2021 bai fasa shuka ba. Ya canza ɗumin ruwa, ya canza yawan magani, ya jira damina ta dawo ko danshi ne sirrin, har ruwan rijiyar Fagada ya sa aka kawo masa a jarka. Babu tantanin da ya sake yin halin wancan. Waɗanda suka ɗan kusa ma ba sa daɗewa, iska da laima sukan kashe su kafin wata ya zagayo. Ledojin zinariya suka riƙa raguwa, ganinsa ma haka, har ya zama kamar mai leƙen duniya ta cikin karan dawa. Ya rubuta wa wasu masana bayanin abin da ya gani, suka amsa masa cikin ladabi cewa sai an ga abin a hannu. A majalisar unguwa kuwa abokan wasansa sukan ce, “Dokta, ina labarin ledarka mai tunani? Har yau ba ta tuno hanyar gida ba?” Yakan yi dariya tare da su, amma Iklima ta shaida cewa daga baya shi kansa ya fara tambayarta ko da gaske allurar ta tsaya a ranar, ko kuwa mafarki ya yi.

Duk wannan lokaci kambun yana damtsensa. Da shi ya yi rubutu a allo, da shi ya yi ruku'u da sujada, da shi ya ɗaga kwalabe yana neman abin da ke lanƙwashe a jikin hannun da ke ɗaga su. A shekarar 2021 ledar ƙarshe ta shiga kwalba ta fito ba ta tuna komai ba, kuma kafin ƙarshen shekarar ganinsa ya ɗauke gaba ɗaya, ya ajiye aiki. Mardiyya, wadda a lokacin ta gama karatun injiniyan lantarki ta fara koyarwa a Aliero, ita ce ta kwashe kwalaben ta rufe ɗakin.

Bayyanar Abin da Ya Ɓata

A watan Maris na shekarar 2024, ana tsakiyar cirar albasa, Gudiya ta zo Jega, ta tsufa tana dogara sanda. Da hantsi suna zaune a tsakar gida, Iklima na tankaɗe, Mardiyya na gefe, sai ta shafa damtsensa ta ji ɗinkin kambun ya fara saki. Ta ce, “Kawo shi in kai a sake mai riga. Ni kam Surajo, malamin ga da yab ba ka shi, shina da rai? In shina nan a koma mai, aikinai bai ci ba.”

Ya ce, “Wane malami, Yaya? Ai ke kinka kawo man shi.”

Ta ce, “Ni hwata kaɗai nas sa anka yi mai. Ina nuhin wanda yar rubuta maka hatimin zinariyan ga, da kaka karawa ga ido kana kallon gabas. Na gane shi cikin aljihunka ba ko sutura, kai ko kunya ta hana ka magana.”

An ce rariyar da ke hannun Iklima ta faɗi ƙasa. Dokta ya ɗora hannunsa na dama a kan kambun, sannan ya ce a hankali, “Mardiyya, ɗauko reza.” Gudiya ta riƙe masa hannu ta ce ba a buɗe kambu, in an buɗe ya mutu. Ya ce, “Yaya, wanga in ba a buɗe shi ba ni ka mutuwa.” Sai a lokacin Iklima ta yi mata bayani cewa wannan ita ce na'urar, tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati.

Mardiyya ta farke ɗinkin, ta ɓamɓare kakin, ta zaro ledar daga cikin auduga, ta lanƙwashe da siffar damtsen mahaifinta. Ta buɗe ɗakin baya ta ɗauko mita, amma da ta tuna ba zai ga allura ba, sai ta jona wata 'yar lasifika yadda lantarkin da ya wuce zai zama sauti. Ta bi gidajen zinariyar tana gwadawa. Mafi yawansu sun mutu, layukan sun tsage. Sai a wani lungu, da ta karkata shi ga rana, lasifikar ta yi wani siririn kuka kamar na sauro. Ta rufe shi da tafin hannu, kukan ya ɗauke. Ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, ta rufe, kukan yana ƙara kauri a kowace buɗewa. Sannan ta rufe ta bar hannunta a kai.

Dokta ya ce, “Kin ruhe?”

Ta ce, “Na ruhe, Baba.”

Ya ce, “Amma tana kuka.”

Ta ce, “Tana kuka, Baba.”

Suka kasa kunne su huɗu suna saurare, sautin yana raguwa kaɗan-kaɗan cikin duhun tafin hannunta, har ya narke cikin kukan kurciyoyin da ke kan katanga. Dokta ya juya fuskarsa wajen matarsa ya ce, “Iklima, ashe ba mahwalki niy yi ba.” Ta ce, “Ai na hwaɗa maka allurar ta yi lilo, kai ad da gardama.”

Gudiya kuwa kuka take yi, tana cewa ita ta cinye masa shekarun ganinsa. Ya lalubo hannunta ya ce, “Yaya, duk 'yan'uwanta da nib bari ɗaki iska ta kashe su. Wagga ke kinka yi mata goyo, awa yadda kinka yi man.” Ta share hawaye ta ce ita dai tun farko ta san abin ba na banza ba ne, kuma ko yanzu bai kamata a bar shi tsirara ba.

Ƙarshen Rayuwa da Wafati

Mardiyya ta kai tantanin Aliero, ta auna shi a gaban abokan aikin mahaifinta, waɗanda wasunsu suna cikin waɗanda ya tara a ranar da aljihunsa ya wayi gari wayam, kuma suka zo Jega suka gaishe shi. Abin da ya sa wannan shuka ta bambanta da sauran, har yau ba a gano shi ba, tana nan tana bincike. Da aka gama awo, Dokta ya nemi a cika wa Gudiya burinta. Aka mayar da tantanin wurin Waliyyu baduku ya sake yi masa riga, sai dai a wannan karon an yanka wa fatar 'yar taga daidai lungun da ke da rai, aka fito da siraran wayoyi biyu zuwa ga lasifikar. A watannin da suka rage masa, kullum da hantsi yakan zauna a tsakar gida ya naɗe hannun riga ya juya damtsensa gabas, ya saurari fitowar rana, kuma idan girgije ya gifta yakan riga masu ido sani.

Allah ya yi wa Dokta Surajo Mas'ud Fagada rasuwa a ranar wata Talata da hantsi, cikin watan Sha'aban na 1446 Hijiriyya, daidai da Fabrairun 2025, a gidansa da ke Jega Firchin, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da ɗaya. Masu wanka suka kwance kambun daga damtsensa suka miƙa wa Gudiya. An yi masa salla bayan azahar, aka kai shi Fagada bisa wasiyyarsa, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa, a maƙabartar da ke kallon fadama. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Iklima, da yayarsa Gudiya, da 'ya'ya biyar: Safwan, wanda ke noman albasa a gonar kakansa, Ubaidullah, malamin makaranta a Maiyama, Fadila, ma'aikaciyar jinya, Husna, wadda ke karatu, da babbarsu Mardiyya, wadda Gudiya ta ɗaura wa kambun da hannunta bayan an share makoki, ta ce mata kada ta bari hannun riga ya rufe tagar.